La'adar da Ban Ci Ba

Aikin farko da aka ba ni a kantin Mista Andreas shi ne kankare farashi. Aka miƙo mini reza da tsumma da 'yar kwalbar man cire gam, aka nuna mini layin kwalayen rediyo, aka ce in ɓamɓare tsofaffin takardun da ke manne a jikinsu ba tare da na ji wa kwali ciwo ba. Na daɗe ina wannan kafin a yarda in taɓa alƙalami. Ku 'yan yanzu da kuke aiki a manyan kantuna, ku goga kaya a jikin na'ura ta yi ƙara ta faɗa muku kuɗi, na san abin da kuke cewa: mene ne abin wahala a manna lamba a jikin kaya? To ku gyara zama.

Kantin yana kan Old Kent Road, wani tsohon sito ne mai sanyi da aka jera wa kantoci na ƙarfe har kusa da rufi. Kayan lantarki muke sayarwa a kan sari: rediyo, rakoda, fanka, firji, dutsen guga, hita. Ni direba na zo Landan, tare da wani ma'aikacin gwamnatinmu. Da aka mayar da shi gida sai na tsaya. Karatuna bai wuce firamare a Wudil ba, amma hannuna yana da kyau a rubutu, kuma ina tsoron kuskure ƙwarai. Waɗannan biyun su suka sama mini aikin.

Wadda ta koya mini wata tsohuwar Baturiya ce 'yar Deptford, Madam Doris. Tun kafin a haife ni take rubuta farashi. Kayan aikinta ba su da yawa: farin kwali da take yankawa da kanta, rula ta ƙarfe, alƙalami mai faɗin baki baƙi da ja, da bindigar manna farashi wadda ba ta yarda da ita ba, ta ce ba ta da kunya, in ta yi kuskure sai ta maimaita shi a jikin kwali ɗari. Dokokinta kuwa ba a taɓa su. Bakwai kada ta yi kama da ɗaya. Ɗigon da ke raba fam da kwabo ya zama ƙato, wanda mai raunin ido zai hango daga bakin ƙofa. Ba a manna sabon farashi a kan tsoho, domin akwai mai farce. In na gama kwali sai ta riƙe shi nesa da fuskarta ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ba laifi." Ban taɓa jin ta wuce haka ba, ko ga kanta.

A shekarar da na fara, 1973, aka shigo da harajin saye da ake kira VAT. Daga ranar, kowane kwali na rubuta sai in sa farashi da manyan lambobi, a ƙasa kuma in sa wani ɗan siririn rubutu cewa ban da haraji. Wato abin da ke kan kanta daban, abin da mutum zai biya a teburin biya daban. Wannan abu ya hana ni sakat. Ina ganin kamar ni ne na yi wa mutum alkawari da hannuna, wani ya saɓa a bakin ƙofa.

Na ce, "Madam, me zai hana mu rubuta abin da mutum zai biya gaba ɗaya, kowa ya huta? Kantunan Oxford Street haka suke yi."

Ta ce, "Su wa ke shiga Oxford Street?"

Na ce, "Kowa da kowa."

"Nan fa?"

"Masu kanti."

Ta ce, "To. Mai kanti in ya biya harajin nan gwamnati za ta mayar masa, don ba shi zai saurari rediyon ba. Harajin yana kan wanda zai kai shi gida ya kunna. Abin da mai kanti yake so ya gani shi ne ainihin kuɗin kaya, ya san ribarsa. Mutanenku masu fita da kaya waje kuma babu haraji a kansu sam, in dai an tabbatar kayan sun bar ƙasar. Kwali ɗaya ne, masu saye iri-iri. Farashin wa za ka rubuta?"

Ta ci gaba da yankan kwali, ta ƙara da cewa, "Kuma gwamnati ba ta zama a kan magana ɗaya. Ranar da ta canja, in ka haɗa harajin a cikin lamba, kai da reza ne har Kirsimeti."

Mista Andreas, mutumin Cyprus ne mai ƙaton ciki da saurin magana, nasa dalilin bai kai wannan tsawo ba. Ya nuna ƙetaren titi da haɓa ya ce, "Mai kantin can ba ya sawa. In na sa, kayana sun fi nasa tsada a ido. Shi ke nan." Dukansu gaskiya suka faɗa, na auna na sake aunawa. Abin da na iya yi kawai shi ne na riƙa ƙara wa ɗan rubutun nan girma kaɗan-kaɗan, kowane mako. Wata rana Mista Andreas ya zo da rular Madam Doris ya gwada na tsohon kwali da na sabo, ya dube ni. Na mayar da rubutun yadda yake, amma na riƙa ja masa layi da ja. Wannan ya bar mini.

Shekarun nan kuɗin fetur ya buɗe a gida, mutanenmu suka riƙa zuwa Landan sayayya kamar masu zuwa cin kasuwar mako. Duk wanda ya je sallar Juma'a a Regent's Park ya tambayi inda ake samun kayan lantarki da sauƙi, sai a ce masa, "Je ka Old Kent Road, ka nemi Ilu, ɗan gida ne." Sukan shigo da babbar riga, an ɗora mata kwat a sama, su riƙa nuna kaya da yatsa. Wani ya taɓa ɗaukar hita guda shida zai kai Sakkwato saboda ya ga suna da araha. Na ja shi gefe na yi masa bayanin aikinsu. Ya ce ya ji, amma a bar masa biyu, ba a san abin da Allah zai yi ba.

Matsalata da su guda ce. A wurin mutuminmu farashin da aka rubuta mafarin magana ne, daga nan ƙasa ake gangarowa. Bai taɓa ganin farashin da ke hawa sama bayan an gama ciniki ba. Saboda haka na ɗaukar wa kaina al'ada: kafin mutum ya taɓa komai zan tare shi in ce, "Alhaji, akwai harajin gwamnati da za a ɗora a teburin biya, ba ya cikin lambar nan." Sai ya ce to, idonsa na kan rakoda. In sake faɗa a tsakiyar kanti. In sake faɗa a bakin tebur. Da yake lokacin harajin kashi goma ne cikin ɗari, daga baya ma ya sauko takwas, yawanci sukan yi tsaki su biya.

Sai 1975 ta zo. Gwamnatin Ingila ta raba kaya gida biyu, na buƙata da na jin daɗi. Na buƙata suka tsaya a takwas, na jin daɗi aka kai su ashirin da biyar, wato a kan kowane fam huɗu a ɗora fam guda. Rediyo jin daɗi ne. Firji jin daɗi ne. Dutsen guga ma jin daɗi ne, ko da yake ban san wanda ya taɓa jin daɗin guga ba. Hita kuwa buƙata ce. A lokacin kaya ba sa zuwa da fulogi, daban ake sayensa, muka yi kwanaki muna gardama ko fulogin da za a ɗaura wa rediyo ya zama na jin daɗi, ɗan'uwansa da za a ɗaura wa hita ya zama na buƙata. Lambobin da ke kan kanta ba su canja ba, nan na ga hikimar maganar Madam Doris, amma sai da na bi kowane kwali na ɗiga masa jan ɗigo ko baƙi don mai karɓar kuɗi ya san gidan da yake. Sau da yawa nakan hau bas zan tafi gida, in sauka a tasha ta gaba in dawo in duba ɗigon wata fanka.

Ciniki ya faɗi warwas. Masu ƙananan kantuna suka daina zuwa, don su ma babu mai saye a wurinsu. Mista Andreas ya sallami ma'aikata biyu. Abin da ya riƙe kantin shi ne mutanenmu, domin a shekarar ce gwamnatin gida ta ƙara wa ma'aikata albashi ta biya su ariyas, kowa a Kano yana neman rediyo mai kaset.

Cikin wannan hali Alhaji Sabo ya shigo. Aminin mahaifina ne. Babana Malam Haruna dillalin shanu ne a karar Wudil, shi kuma Alhaji Sabo ya yi shekaru yana fataucin shanu ta hannunsa kafin ya koma sayar da rediyo a Kano. Yana hango ni ya ɗaga murya.

"Ɗan Haruna! Kai ne ka zama haka? Sanyi ya cinye ka."

Na durƙusa na gaishe shi a tsakanin firji da fanka. Bayan an gama tambayar mutanen gida na ce, "Baba, kafin ka taɓa komai, akwai haraji. Bana ya yi tsanani."

Ya ce, "Bari mu gama da mai kaya tukuna, ɗana."

Rediyo mai kaset yake so, masu yawa, kusan duk abin da muke da shi. Na tsaya a tsakiya ina fassara. Mista Andreas ya faɗi kuɗi, Alhaji ya yi dariya ya taya da rabi. Mista Andreas ya dafe ƙirji. Alhaji ya juya kamar zai fita, ya tsaya yana duba wani dutsen guga da ba ya so. Su biyun sun ji daɗin juna ƙwarai, ni ne kawai nake gumi. Na sake ambaton haraji, Alhaji ya ɗaga mini hannu. Can Mista Andreas ya sauko inda ake so, na ce, "Ya sallama, Baba." Suka yi musabaha, Alhaji ya ce Allah ya sa albarka.

Na ce, "To Baba, ka bar mana kayan mu kai su jirgin ruwa da kanmu. In mu muka tura, babu haraji ko kwabo."

Ya ce, "A'a. Abin da na biya ba ya kwana a hannun mai sayarwa. Ko ɗan maraƙi ne. Ina da mai yi mini lodi, mota na waje."

Ƙa'ida kuwa ita ce, in mai saye ya ɗauki kayansa da kansa, dole kanti ya karɓi harajin ya riƙe, sai an kawo shaidar cewa kayan sun hau jirgi sannan a mayar masa. Na faɗa masa haka. Ya ce to. Muka isa tebur, Madam Doris ta buga lissafi ta juyo masa da takardar. Alhaji ba ya karanta boko amma ya san lamba, kuma lissafinsa na ka ya fi na'urar sauri. Ya duba sau ɗaya.

"Ilu, matso. Bature ya sallama ko bai sallama ba?"

"Ya sallama, Baba."

"Mun yi musabaha ko ba mu yi ba?"

"Kun yi."

"To wannan ƙarin na wane ne?"

"Na gwamnati ne. Shi ne harajin da nake ta faɗa maka."

Ya waiwaya dama, ya waiwaya hagu, har ya leƙa bayan firji. Ya ce, "Ina gwamnatin? Ni mutum uku na gani a cinikin nan. Mai kaya, da ni, da kai."

A karar garinmu, in an sallama an yi musabaha, abu ɗaya ne ya rage a ɗora a kan ciniki, shi ne la'adar wanda ya tsaya a tsakiya. Ni kuwa na tsaya a tsakiya tun daga farko har ƙarshe, kowa ya gani.

Ya rage murya don kada Turawa su ji, ko da yake ba Hausa suke ji ba. Ya ce, "Ba a hana dillali la'ada, ɗana. Da ita ubanka ya ciyar da ku. Amma ɗaya bisa huɗu? Ko a shekarar fari ban ga wanda ya ci haka ba."

Na ce, "Wallahi Baba ko kwabo ba ya shiga aljihuna. Ka bar kayan mu tura, ka ga in za a karɓi wani abu."

Ya ce, "Wato in na bar maka kayan ka yafe, in na ɗauka ka ci."

Na nuna masa ɗan rubutun da na ja wa jan layi. Ya tambayi wanda ya rubuta. Na ce ni ne. Ya gyaɗa kai. Ya zaro kuɗi daga lalitarsa ya biya cif. Da na ce za a mayar masa in kaya sun tashi, sai ya ce, "Allah ya sa," irin yadda ake faɗa wa mai ciwon da ba a sa ran tashinsa.

Bayan 'yan makonni wani ɗalibi ya miƙo mini kaset a wurin sallar Juma'a, ya ce daga Wudil. Lokacin haka ake aiko da saƙo in mai aikowa ba ya rubutu. Ni mai sayar da rakoda ba ni da rakoda, sai na sa shi a ta gwaji da ke kan kanta lokacin hutun cin abinci. Babana ya yi gaisuwa mai tsawo, ya faɗi wanda ya haihu da wanda ya rasu, sannan ya yi gyaran murya.

"Ilu, Alhaji Sabo ya dawo lafiya. Maganar nan bai faɗa wa kowa ba, sai ni da liman da mutanen rumfarmu. Ran kasuwa wani da ya saba kawo mini shanunsa ya zo gabana ya gaishe ni, ya wuce da su wurin wani. Ban tambaye shi dalili ba. Ka san ni ba ni da saniya ko ɗaya, da sunana nake ci. In ka ci, ka mayar. In ma ba ka ci ba, ka mayar."

Madam Doris tana gefe tana cin burodinta. Ta ce muryar tsohon tana da daɗi, addu'a yake yi mini? Na ce kusan haka.

Daga ranar na ƙara wa kaina aikin da ba a ɗauke ni dominsa ba. Mai lodin Alhaji yana da ɗan ofis a kusa da kogi, bayan kasuwar Deptford. Kayan suna jibge a sitonsa, don a shekarar jirage sun yi cunkoso a tashar Legas, masu jirgi ba sa son ɗaukar sabon kaya zuwa can. Ita kuma shaidar fitar kaya tana da wa'adi, in ya wuce kuɗin ya zama na gwamnati har abada. Duk hutun cin abinci sai in hau bas in je. Akawun wurin har ya daina ɗago kai, da ya ji ƙarar ƙofa sai ya ce, "Bai tashi ba." Nakan roƙe shi in leƙa siton, in ƙirga kwalayen, in ɗaga na ƙasa in ga ko danshi ya taɓa su. Da na ga ruwa na ɗiga ta wani gefe, na sayi leda da kuɗina na rufa musu. Na tambayi Mista Andreas ko zai cire kuɗin daga albashina a hankali in wa'adin ya wuce. Ya yi lissafi ya ce zan gama biya ina da furfura.

Saura ƙiris wa'adin ya cika aka samu jirgi. Na karɓo shaidar na sa ta cikin riga saboda ruwan sama, na kawo wa Mista Andreas. Ya karanta ta gaba da baya yana neman kuskure, bai samu ba, ya fitar da kuɗin yana nishi. Na ba wani likita ɗan Kano da zai je hutu gida, ya kai wa Alhaji Sabo. Na ce, "Likita, don Allah ka gaya masa harajin gwamnatin Ingila ne aka mayar. Gwamnati. Ba ni ba."

Ya ce, "Na fahimta, Malam Ilu."

Na ce, "Maimaita mini in ji."

Ya ce, "Haba Malam Ilu, ni ma fa ina biyan VAT ɗin nan." Amma ya maimaita. Da ya dawo ya rantse mini ya faɗa yadda na ce, har sau biyu, a gaban mutane.

Shekara ta zagayo. Wata safiya ina kan tsani ina gyara kwalin fanka, sai na ji murya daga bakin ƙofa.

"Ga shi can! Sauko, ɗan Haruna."

Alhaji Sabo ne, da wasu 'yan kasuwa uku a bayansa, kowa da kwat a kan babbar riga. Na sauko na gaishe su. Ya dafa kafaɗata ya juya gare su.

"Wannan shi ne yaron da nake ba ku labari. Shaiɗan ya ruɗe shi sau ɗaya, ya ci. Amma da ubansa ya yi masa magana, ya mayar har kwabon ƙarshe. Daga Ingila fa. Wa zai bi shi nan ya karɓa? A zamanin nan ku nuna mini wani."

Suka ce madalla, madalla.

Na ce, "Baba, ai likita ya yi maka bayani, harajin..."

Ya ce, "Ya yi. Na ji daɗin yadda ka rufa wa kanka asiri, haka ake so. Bar maganar, ɗana, ta wuce. Allah ma muna yi masa laifi ya yafe."

Na tambaye shi labarin babana. Ya ce ran kasuwa rumfarsa ba masaka tsinke, har daga Gaya ake koro masa shanu, kowa yana son dillalin da ɗansa ke mayar da la'ada. Ya ce tsohon ya yi ƙiba.

Na buɗe baki zan sake gwadawa, sai na tuna rumfar, na rufe.

Suka bazu cikin kanti suna nuna kaya da yatsa. Ɗaya daga cikinsu, wani dogo mai carbi, ya dawo kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Malam Ilu, don mu san shirin da za mu yi. Mu ma za ka ci ne sannan ka mayar, ko yaya tsarin yake?"

Na tsaya na zaɓi kalmomin da babu ƙarya a cikinsu. A shekarar gwamnati ta sake canja magana, ta raba harajin kayan jin daɗi biyu ta yafe rabi. Na ce, "Za a karɓa, Alhaji, kuma za a mayar in kaya sun tashi. Amma bana rabin na bara ne."

Alhaji Sabo ya jiyo daga bayan firji. Ya ce, "Kun ji ko? Har ya rage."